Sinanci a Bakin Fadama

Duk wanda ya sauka fadamar Wurno a tsakiyar rani, ƙarar injin ban ruwa ce za ta fara tarbarsa kafin warin albasa. In ya sunkuya ya duba jikin injin, sau da yawa zai ga wata 'yar takarda a manne, ɗauke da rubutu iri biyu: Turanci a sama, a ƙasa kuma wasu zane-zane masu kusurwa huɗu. Irin rubutun nan yana jikin kwalin sola, yana jikin batirin fitila, yana cikin takardar da ke zuwa da sabon babur ƙirar Jincheng ko Haojue. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihun mai injin ma ta kamfanin Transsion ce, wanda hedikwatarsa ke birnin Shenzhen. Daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo, da wuya ka shiga gidan da babu wannan rubutu a wani lungu nasa, da wuya kuma ka samu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da yake cewa.

Abin da ya sauya shi ne, yanzu mai son sani ba ya bukatar izinin kowa. Saurayin da ke cajin waya a Achida, ko malamar firamare a Rabah, in dai akwai waya da ɗan data, to makarantar tana hannu. Ba takardar shiga, ba kuɗin zango. Sai dai a shirya wa tsiyar majalisa, don ba za a rasa mai cewa, "Kai ɗan'uwa, Turancin ma ka gama da shi ne?" ko dattijon da zai leƙa littafin ya ce, "Yaro, wannan karatu ne ko zanen gida?"

Sha'awar ba daga sama ta faɗo ba. Tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa, shekara 8 kafin Najeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a ranar 10 ga Fabrairu, 1971. Dattawan da suka yi zamanin rediyo mai gajeren zango sun san muryoyin Sinawan nan masu Hausa tsaf-tsaf, da suka ɗauki sunaye irin namu, kamar Bello Wang da Murtala Zhang. A Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing ana karanta Hausa har a samu digiri. Sai kuma finafinan da muke kira na Cainis, su Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, waɗanda suka raini yara da yawa a gidajen kallo. A nan akwai abin lura: yawancin waɗancan finafinai a Hong Kong aka yi su, inda ake jin harshen Kantonis, kuma da muryar Turanci suka iso mana. Harshen da ake koya a makarantu da manhajoji shi ne Mandarin, wanda su Sinawan ke kira Putonghua, daidaitaccen harshen ƙasa da aka gina a kan lafazin Beijing. Wanda ya iya shi zai yi ciniki a Guangzhou lafiya lau, ko da yake 'yan asalin garin Kantonis suke yi a tsakaninsu.

Kunnen da aka haife mu da shi

Sinanci ya yi ƙaurin suna wajen wuya, kuma akwai lissafin da ake yawan kafa hujja da shi. Cibiyar da ke horar da jami'an jakadancin Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan rukuni na harsuna mafi wuya, Larabci ma yana ciki, kafaɗa da kafaɗa da Sinanci. Larabcin nan kuwa shi ne ake karantawa a zaurukan Wurno tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da garin ribaɗinsa, ya zauna a cikinsa har rasuwarsa a 1837. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Baturen nan Heinrich Barth da ya sauka Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba, da Hausar da ya tsinta a hanya ya riƙa mu'amala da mutane. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah a 1910, ya tafi Kwalejin Katsina ya koyo Turanci a lokacin da ake ganin harshen baƙo fiye da yadda ake ganin Sinanci yau. Wato wannan yanki bai taɓa zama na masu harshe ɗaya ba. Lissafin Amurkawa kuma na Amurkawa ne, an yi shi ne don kunnen da ya tashi da Turanci.

Abin da ya fi wahalar da Bature a Sinanci shi ne karin sauti: gaɓa ɗaya, in ka ɗaga murya ta ba da ma'ana, in ka sauke ta ba da wata. Bature kan yi watanni kafin kunnensa ya yarda akwai bambanci. Bahaushe kuwa da wannan aka yaye shi, ko da bai san sunansa ba. Ba wanda ke rikita kukan yaro da kukar miya, ko wuyan riga da shan wuya, alhali baƙaƙe da wasulan ɗaya ne, tashin murya da saukarta kawai suka raba. Matsalar ita ce rubutun boko bai nuna mana wannan, shi ya sa da yawa daga cikinmu za su rantse cewa Hausa ba ta da karin sauti.

Mandarin yana da kari huɗu, da wani na biyar mai sauƙi da ba a danna shi. Na farko murya ce a sama, a miƙe, irin sautin sama na Hausa. Na huɗu faɗowa ne daga sama zuwa ƙasa, shi ma muna da shi. Na uku, in an faɗe shi shi kaɗai yakan nutse ya ɗago, amma a cikin zance galibi sautin ƙasa ne zalla, wanda shi ma namu ne. Ga misalin da zai yi wa ɗan kasuwa amfani. "Saye" da "sayarwa" a Sinanci duk mai ne. Na sayarwa yana faɗowa, daidai yadda muke kiran mai na gidan mai. Na saye yana ƙasa, kusa da yadda muke faɗin mai a cikin "mai gida". Ɗalibi a Landan sai ya yi ta maimaita wannan da belun kunne. Mutumin Goronyo kuwa nuna masa kawai za a yi cewa ya riga ya iya.

Inda gizo ke saƙa shi ne kari na biyu, mai tashi daga tsakiya zuwa sama. Hausa ba ta da gaɓa mai tashi irin wannan, don haka bakin Bahaushe kan miƙe shi ya mayar da shi na farko. Akwai kuma ɗabi'ar Hausa ta gangarowar murya a jimla: ana farawa a sama, ana ta sauka har ƙarshe. Wanda ya kai wannan ɗabi'a cikin Sinanci zai ga kalmominsa na ƙarshen jimla sun rasa karinsu. A ganina, mai koyo shi kaɗai ya fi kyau ya kashe makonnin farko a kan waɗannan abubuwa biyu, yana naɗar muryarsa a waya yana kwatantawa, maimakon ya yi ta tara kalmomi da karkataccen lafazi. Abin da baki ya saba da shi a watan farko, gyara shi aiki ne ja.

Sai kuma pinyin, hanyar rubuta Sinanci da baƙaƙen boko wadda aka amince da ita a 1958. Cikin waɗanda suka tsara ta akwai Zhou Youguang, wanda ya rasu a 2017 yana da shekara 111. Pinyin rahama ce ga mai koyo, amma tana da tarko ga wanda ya karanta ta da idon Hausa. Baƙin c a wurinsu ba na "ciki" ba ne, ya fi kusa da ts mai fitar da iska. Wanda ya yi kama da c ɗinmu shi ne q, yayin da x ke kusa da sh. Bambancin b da p, ko d da t, a wurinsu iska ce: riƙe 'yar takarda a gaban baki, in ta motsa ka faɗi p, in ba ta motsa ba b ce. Basakkwace da ke cewa "tahi" da "hwari" zai sha fama da f da h, amma kada ya ji kunya, mutanen lardin Fujian ma da wannan ake tsokanarsu a can, har akan ce sunan lardinsu ma da h suke fara shi.

Nahawu kuwa hutu ne. Babu jinsin namiji da mace a sunaye, babu jam'i iri-iri irin na "gida, gidaje" da "jirgi, jirage", aikatau ba ya sauya siffa. "Shi" da "ita" a baki duk ta ne. Wanda ya haddace tasrifin Larabci zai ga abin kamar wasa. Lissafi ne kawai ke son hattara, domin Sinawa suna da kalma guda, wan, ta dubu 10, kuma da ita suke ƙirga manyan kuɗi: dubu 100 a wurinsu wan goma ne, miliyan ɗaya wan ɗari. Kuskure a nan sifiri guda ne, sifiri guda kuma a farashin kwantena ba ƙaramin abu ba ne.

Allo da tawada

Rubutun ne dutsen da babu hanyar kewaye shi. Sinanci ba shi da abacada. Kowace alama gaɓa ce mai ma'ana, kuma sai an san ta ɗaya bayan ɗaya. Jadawalin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 yana da alamomi 8,105, amma 3,500 na rukunin farko su ne na yau da kullum, da su ake karanta jarida. Adadin kan tsorata mutum har sai ya gane cewa ba zane ne barkatai ba. Alamomin an gina su ne daga ƙananan sassa masu maimaituwa, kuma ƙamus ɗin Kangxi na 1716 ya tsara su a ƙarƙashin tushe 214. Alamar itace 木 ce. In aka jera biyu, 林, an samu kurmi. In uku ne, 森, daji ya yi duhu. Ɗigo uku a gefen hagu alamar ruwa ne ko wani abu mai gudana, shi ya sa suke jikin 河, kogi, da 海, teku, da 油, mai. Mafi yawan alamomi haka suke: sashe ɗaya yana nuna ɓangaren ma'ana, ɗayan yana ba da hasken lafazi.

Da wannan kaɗai mai injin ban ruwa ya fara cin riba. In ya ga 油 ya san zancen mai ake. Abin da ke gabanta ne zai gaya masa wane iri: 汽油 fetur, 柴油 gas na manyan injuna, 机油 baƙin mai. Alamomi huɗu ke nan, aikin yamma ɗaya.

Yadda yaran Sin ke koyon rubutun nan ba zai zama baƙo ga wanda ya yi makarantar allo ba. Ana ba yaro takarda mai gidaje huɗu-huɗu, ya rubuta alama ɗaya sau da yawa, yana bin tsarin da aka gada: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, yana faɗin ta da baki. Rubutawa, karantawa da ƙarfi, wankewa, sake rubutawa, ai wannan shi ne aikin allo. Alaramman da ya rubuta izu 60 da ka, da wasali da ɗaurinsa, ba shi ne za a tsorata da alamomi 3,500 ba. Har tishe ma yana nan: manhajar Anki ba abin da take yi illa ta tsara maka bitar abin da ka haddace, ta dawo maka da alama a daidai lokacin da kake gab da mance ta. Bambancin da ya kamata a sani shi ne, hadda a tsangaya jere take, aya na jawo aya, alamomin Sinanci kuwa a warwatse za su riƙa zuwa maka. Wanda ya haddace su a jere kamar sura zai gan su a jikin kwali ya kasa gane su. Gara a haddace su cikin gajerun jimloli, a kuma riƙa cakuɗa su.

Masu manhaja da yawa suna cewa rubutun hannu ya zama tsohon yayi, tunda a waya pinyin ake bugawa a zaɓi alama. Su kansu Sinawa suna kukan cewa waya ta sa suna mance yadda ake rubuta wasu alamomin. Duk da haka ni ina ganin alamomi 300 ko 400 na farko a rubuta su da hannu, ko a allo ne, ko a ƙasa da tsinke. Hannu na riƙe abin da ido ke saki, kuma allo ba ya cin caji.

Akwai wani abin da zai ba mutumin Wurno mamaki. Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui, musamman na Gansu da Ningxia da Qinghai, suna da nasu ajamin. Sunansa xiao'erjing: Sinanci ne da baƙaƙen Larabci. Ya bunƙasa a makarantun masallatai, inda ɗalibai ke rubuta fassarar littattafan Larabci da Farisanci da harshensu, kamar yadda namu ke yi a gefen Ishmawi da Risala. Shi ma, kamar ajaminmu, bai nuna karin sauti, don haka ba zai maye gurbin pinyin ga mai koyo ba. A Guangzhou akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, wanda Musulmin wurin ke danganta kafuwarsa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake masana tarihi suna da ja a kan hakan. Alhazan Kantin Kwari da ke zuwa saro kaya, ko ba su iya komai ba, sun san alamomi biyu, 清真, domin su ne shaidar abincin halal a ƙofar gidan abinci. Maganar nan da ake yawan jingina wa Manzon Allah (SAW) a kan neman ilimi har ƙasar Sin kuwa, malaman hadisi sun daɗe da cewa ba ta inganta ba, kuma mai sha'awar harshen ba ya bukatar ta don ya kare kansa.

Gadar da babu

Cikas na gaskiya ba a kan mai koyo yake ba. Kusan duk kayan koyo masu kyau, HelloChinese da Duolingo da ƙamus ɗin Pleco, ta Turanci suke bi. Wato yaron Rabah sai ya tsallaka harshe na biyu kafin ya taɓa na uku, kuma darussan an tsara su ne don matsalolin Bature. Za su ɓata masa makonni suna lallashinsa ya yarda karin sauti gaskiya ne, ba kuwa wanda zai ce masa ya kula da kari na biyu. Wanda Larabcinsa ya fi Turancinsa ƙarfi yana da wata ƙofa, don akwai darussan Sinanci da Larabci masu yawa a YouTube. Sashen Hausa na rediyon Sin ya yi darussan koyon Sinanci, sun kuma isa a fara da su, amma ba za su kai mutum nesa ba. Littafin koyon Sinanci da aka gina a kan kunnen Bahaushe, wannan aiki ne da ke jiran masu nazarin harshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero.

Ga kuma wuta da sabis. A gabashin Sakkwato wannan ba ƙorafin jin daɗi ba ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo, kuma a watan Oktoba na shekarar aka kai mummunan harin nan kasuwar Goronyo. Wanda ya ga wancan lokaci ya san karatun da ya dogara da intanet kullum ba na nan ba ne. Dabarar ita ce a sauke komai a memori duk ranar da aka shiga birni: darussan murya, bidiyo, da ƙamus. Pleco da Anki duk suna aiki ba tare da data ba.

Mafi wuya shi ne rashin abokin magana. A Kano, inda 'yan Sin suka yi yawan da har Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan Caina a 2019, mai koyo zai samu wanda zai gwada gaisuwa da shi a kasuwa. A Goronyo sai dai manhajojin musayar harshe irin su HelloTalk, inda Basine mai son Turanci zai ba ka rabin awa ka ba shi rabin awa. Beijing tana gaban Najeriya da awa 7, don haka hantsinmu yammacinsu ne. In an yi sa'a mutum biyu ko uku a gari ɗaya suka haɗu, ko kuskure suke gyara wa juna ya fi zaman shiru.

To riba fa?

Wannan ce tambayar da uba zai yi, kuma yana da gaskiya. Alaƙar yankin nan da ƙasar Sin tana nan a fili. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kyubik mita miliyan 942, ita ce ke riƙe noman rani a kwarin Rima, kuma tafarnuwar da ake nomawa a nan tana gogayya a kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Sin, ƙasar da ke noma fiye da kashi biyu bisa uku na tafarnuwar duniya. Farashin da aka yanka a gundumar Jinxiang ta lardin Shandong yana iya taɓa aljihun manomin Wurno da bai taɓa jin sunan wurin ba. Riɗin Najeriya yana tafiya Sin. Sashen kamfanin siminti na Kalambaina da aka buɗe a 2018, kamfanin Sin ne ya gina shi, haka layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, haka matatar mai ta Damagaram. A irin waɗannan wurare ana neman tafinta, kuma waɗanda suka haɗa Hausa da Sinanci ba su da yawa.

Amma zan yi wa mai karatu gaskiya: wanda ya shiga don kuɗi kawai, da wuya ya wuce wata uku. Cinikin yau da kullum waya na fassara shi a manhajar WeChat, kuma 'yan kasuwarmu sun shekara da shekaru suna saye a Guangzhou da Yiwu da kalkuleta da nuni da yatsa. Matakin da ake biyan mutum don harshensa yana bayan shekaru na karatun kullum. Abin da ke riƙe mutum a tsawon wannan lokaci shi ne daɗin abin kansa: ranar da ya kalli fim ya tsinci jimla guda ba tare da fassara ba, ko ya juya kwalin batir ya karanta ranar da aka ƙera shi. Ba a tambayar mai kiwon tattabaru ko mai bin ƙwallon Sifen ribar da yake samu, ban ga dalilin da za a tsananta wa mai rubuta alamomi goma bayan Isha ba.

Wanda yake son shaida a takarda, akwai jarrabawar HSK. A tsarin matakai shida da aka daɗe ana bi, matakin farko kalmomi 150 ne, na uku 600, na huɗu 1,200, na shida 5,000, kuma a 2021 aka fitar da sabon ma'auni mai matakai tara. Ana neman wannan takarda wajen neman gurbin karatu a jami'o'in Sin. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sanya Sinanci cikin harsunan waje da ɗaliban babbar sakandare za su iya zaɓa, sai dai kafin malaminsa ya iso makarantar gwamnati a Gandi ko Shinaka za a jima. Cibiyoyin Confucius biyu da suka fi daɗewa a Najeriya, inda ake koyar da Sinanci ake kuma zama jarrabawar HSK, suna Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas, duk a kudu. Ɗan Wurno da ya shirya zama jarrabawar sai ya haɗa da kuɗin mota da na masauki a lissafinsa, ya kuma duba kada ranar ta faɗo lokacin cirar albasa.